Yadda Ake Sauya wa Tsohuwar Motar Alfarma Injin Ba Tare da an Ɓata Ta Ba

Sau da yawa jikin tsohuwar motar alfarma yakan fi injinta tsawon rai. Kujerun fata suna nan garau, ƙofa tana rufuwa da nauyinta babu ƙara, amma injin yana shan baƙin mai, yana yawan zafi, kayan gyaransa kuma sai an sha wuya kafin a same su. Wannan ne ya sa masu Jaguar XJ6 a Amurka suka daɗe suna cire injinta mai silinda shida suna ɗora na Chevrolet mai silinda takwas, kamar yadda masu Mercedes W123 da W126 suke neman injin dizal na OM606. Aikin yana yiwuwa, sai dai ɗora injin a mazauninsa shi ne mafi sauƙi a cikinsa.

Kafin a sayi komai, a ɗaga motar a duba ƙarƙashinta da tocila, musamman inda ƙarfen da ke riƙe injin ya haɗu da shasi. Idan tsatsa ta ci wurin, a fara gyara shi, domin injin da ya fi na da ƙarfi zai tsage ƙarfen da ya riga ya ruɓe.

Mataki na gaba shi ne wanda na fi ba wa muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. A zauna da takarda a rubuta duk abin da tsohon injin yake ciyarwa ban da juya taya. A cikin Rolls-Royce Silver Shadow, wadda aka ƙera daga 1965 zuwa 1980, famfuna biyu da ke tura man birki da matsi mai ƙarfi daga kamshaf ɗin injin, wato sandar da ke juyawa tana buɗe bawul-bawul ɗinsa, suke samun motsi, saboda haka duk wanda ya cire injin ya cire birkin tare da shi, sai ya tanadi wata hanyar samar da wannan matsin. A Mercedes W123 kuwa, makullin ƙofofi da zuƙar iskar da injin yake samarwa yake aiki. Haka nan wanda zai maye gurbin injin fetur da na dizal ya sani cewa dizal ba ya samar da wannan zuƙar da kansa, sai da famfo na musamman, idan kuma babu shi birki zai yi tauri kamar dutse a ƙarƙashin ƙafa. A haɗa da famfon sitiyari, da kwamfuresar na'urar sanyi, da bututun ruwan zafi mai ɗumama cikin mota. Kowanne a rubuta a gefensa inda zai samu ƙarfi bayan sauyin.

Wajen zaɓen injin, ra'ayina shi ne a fifita santsi a kan yawan ƙarfi, tunda natsuwar tafiya ce ta sa motar ta amsa sunan ta alfarma. Injin 1UZ-FE na Toyota mai lita 4, wanda ya fito a Lexus LS400 a 1989, ya dace da wannan buƙata, sai dai yana da faɗi. Injinan LS na General Motors, waɗanda suka fara fitowa a 1997, sun fi shi matsuwa domin kamshaf ɗinsu guda ɗaya ne a tsakiyar injin, shi ya sa suke shiga wuraren da ba a zata ba. Ko wanne aka zaɓa, ya fi kyau a sayi motar da za a ciro shi daga cikinta ɗungurungum, a ji kukansa tana tashe, sannan a kwaso giyabos da kwamfutar injin da wayoyinta da totur da makulli. A sababbin injina, kwamfutar ba ta sakin mai sai ta gane makullin da aka haɗa ta da shi.

Daga nan sai awo. A auna tsawo da faɗi da tsayi har zuwa ƙarƙashin bonet, a kuma lura da inda zurfin kaskon baƙin mai yake, gaba ko baya, domin shi ne yake yawan karo da ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin injin ko sandar sitiyari. A sauke injin da giyabos a haɗe, a tokare su da katako, a yanka siffar mazaunin da kwali kafin mai walda ya taɓa ƙarfe. Kada a ɗaure injin ƙarfe da ƙarfe; robar mazauni ita ce take hana girgiza isa ga kujera. Farfela kusan kullum sai an rage ta ko an ƙara mata tsawo, sannan a kai ta a daidaita nauyinta. Kusurwar mahaɗarta ta gaba ta zo daidai da ta baya, kada su wuce kamar digiri 3, in ba haka ba za a riƙa jin gurnani a ƙasan mota da zarar ta ɗauki gudu.

Tsarin mai ma sai an sake shi. Kafireta, irin ta tsofaffin injina, tana aiki da matsin da bai wuce psi 7 ba (psi ma'aunin matsi ne), alhali injin LS yana neman kusan psi 58, don haka famfo da tiyo da matsewarsu duk sai an sauya da masu jure wannan matsi, a kuma nesanta su da salansa. Lagireto ya zama daidai da zafin sabon injin, da fanka mai murfin da ke tilasta iska ta ratsa ta cikinsa.

A wajen wayoyi ake gane haƙurin bakanike. A liƙa wa kowace waya suna tun kafin a cire ta, a kuma haɗa waya mai kauri daga injin zuwa shasi da batir. Gejin juyin injin da aka yi wa silinda shida yana ƙirga bugu uku a kowane juyi, mai silinda takwas kuwa huɗu yake bayarwa, saboda haka allurar za ta nuna 4,000 alhali injin yana kan 3,000, har sai an sa na'urar da ke gyara ƙirgen. Motocin da suka biyo bayan Mercedes W140 ta 1991 sun fi wuya, domin kwamfutocinsu suna magana da juna, kuma rashin guda yakan rikita sauran.

Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A jihar Kalifoniya ana buƙatar injin ya zama na shekarar motar ko wanda ya fi ta sabunta, tare da kayansa na rage hayaƙi. A Birtaniya kuma sai an sanar da hukumar rajistar motoci ta DVLA sabuwar lambar injin da girmansa. A sanar da kamfanin inshora shi ma.

Ranar tayarwa ta farko, a cire fiyus ɗin famfon mai a juya injin har sai gejin baƙin mai ya motsa, sannan a mayar da shi a duba yoyo, da abin kashe gobara a kusa. A bar shi ya yi zafi har fanka ta tashi ta tsaya da kanta. Fitar farko ta zama gajeriya, a gwada birki tun motar tana tafiyar hawainiya, a dawo a sake matse kowane noti na mazaunin injin da na farfela.