Lalas na wuta ko na sanyi, wanne za ka yi wa shanunka?

'Yan uwa masu kiwo a Maiwurno da Gadarif na ƙasar Sudan, kafin komai ku duba kalar saniyar. Lalas na sanyi ba ya ƙona fata, ƙarfen jan gaci ake tsomawa a ruwan naitirojin mai tsananin sanyi, a aske wurin tas, a shafa sifirit, a danna kamar sakan 30 zuwa 45, bayan wata biyu zuwa uku sai gashin wurin ya fito fari. Kenan a jar saniya irin Butana ko baƙa zai fito rangaɗau, amma farar saniya irin Kenana fa wahalar banza ce, fari kan fari wa zai gani? Ga naitirojin ɗin ma sai ka nemi likitan dabbobi, kuma a zafin nan namu nan da nan yake bin iska.

Na wuta dai shi ne namu na gargajiya, ba ruwansa da kala. Ƙarfen ya yi launin toka, kar ya yi jajir, sakan 3 zuwa 5 ka ɗauke. Kar a yi jikinta a jiƙe, kar a yi da damina saboda ƙuda. Kuma don Allah a sa a ƙasan cinya, na kan haƙarƙari yana karya kuɗin fatar.