Yadda na ceto shaddar aro daga shatin dutsen guga

Sana'ar haɗa wa mutane kaya don ɗaukar hoto nake koyo, ni kaɗai, ba shago. Yawancin kayan aro nake yi wajen teloli, da sharaɗin in mayar yadda na karɓa.

Ranar Alhamis na aro babbar riga ta shadda Getzner, ruwan toka. Ta kwana a jaka, ta yamutse. Cikin gaggawa na ɗora mata dutsen guga kai tsaye, sai ga shatinsa a kafaɗa: wurin ya dushe, sauran rigar na ta ƙyalli. Gabana ya faɗi, don kuɗinta ya ninka abin da za a biya ni.

Ban sake gogewa ba. Na kai ta wajen masu bugu a Ƙofar Mata. Dattijon ya shafa wurin, ya ce, "'Yata, kwantar da hankalinki, ba ta ƙone ba." Ya yayyafa ruwa, ya ninke ta a kan gungume, suka yi ta dukanta da sandunan bugu har ƙyallin ya daidaita.

Telan ma na faɗa masa gaskiya, ya yi dariya kawai. Yanzu a rataye nake ɗauko shadda, in guga ya zama dole kuma ta ciki nake yi, da ƙyalle a sama.