Masu saka inbata a mota, dan Allah ku daina waɗannan kurakuran

Cikin sati biyu mota uku aka kawo mani in duba, duk inbata aka saka masu, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, kuma duk ukun ɓarna iri ɗaya ce. Shekara shida ke nan ina yawo da Hiace ɗina da na cire kujerun baya na shimfiɗa katifa, da ita nike zuwa ɗaukar bidiyon biki a ƙauyukan Mashi da Sandamu da Zango, ranar Lahadi in tsaya kasuwar Mai'adua in yi cajin waya, in dare ya yi in kwana ciki. Duk wutar da nike aiki da ita daga inbata take fitowa. To abin da zan faɗa nan a jikina na koye shi.

Babban kuskuren da ya fi ci mani rai shi ne raina ɓangaren batir. Mutum zai ce ai bolt 12 ne kawai, ko ka taɓa ba ya ja, sai ya ɗauko ragowar wayar wayarin ɗin gida mai 2.5 ko mai 4, lambar kaurin waya ke nan, ya haɗa batir da inbata ya naɗe da salatif. Tsaya mu yi lissafi. Inbata mai wat 1000 in tana aiki sosai, ka raba 1000 da 12, ya ba ka amp 83, ka ƙara abin da ita kanta take ɓatarwa ya zama zafi, ka tashi kusan amp 100. Wayar gida mai 4 abin da za ta ɗauka lafiya bai wuce wajen amp 30 ba. Ka ɗora mata nauyin da ya ninka ƙarfinta sau uku, mi kake jira in ba narkewa ba?

Haka aka yi mani a farko. Wani mai wayarin ya haɗa mani, ya ce "maigida kar ka damu, wannan wayar har firji tana ɗauka a gida." Gaskiya ne tana ɗauka a gida, amma a bolt 230, inda firjin amp ɗaya ko biyu yake ja. Ya bi da wayar ta wata huda a jikin bodi ba tare da ya sa mata roba ba, kuma bai sa fis ba ko ɗaya. Wata uku ina aiki da ita, kullum ina jin wayar da ɗumi ina cewa rana ce. Ranar da abin ya faru mun taso daga wani biki bayan la'asar, tsakanin Mashi da Daura, ƙanena na baya yana kwafe hotuna a laftof, sai ya ce "Yaya, ƙauri nike ji." Kafin in sauka gefen titi hayaƙi ya cika motar. Girgizar hanya ta sa bakin ƙarfen ya yanke robar da dama zafi ya riga ya lausasa, waya ta taɓa bodi, batir kuma ya juye duk ƙarfinshi a wurin. Batirin mota in ya samu haɗuwa irin wannan ɗaruruwan amp yake turowa lokaci guda, wayar ta yi ja wur tun daga farko har ƙarshe. Kashe inbata bai yi komai ba, kashe mota bai yi komai ba, don wutar kai tsaye take zuwa daga batir. Wani dattijo da ke kan amalanke ne ya rugo yana cewa "ɗana, ƙasa, zuba ƙasa!" muka yi ta watsa rairayi, ni kuma na fizge kan batir da filaya na ƙone yatsu biyu. Katifa ta tafi, kyamara ɗaya ta tafi, da bidiyon bikin mutane da ba a iya maimaitawa. Wannan na ƙarshen shi ya fi yi mani ciwo, don sai da na je gidan da kaina na ba uban amarya haƙuri.

Fis guda ɗaya da ya hana duk wannan. Kuma wallahi har yau in na buɗe mota na ga babu fis sai raina ya ɓaci. Wasu kuma su ce ai akwai fis cikin inbatar. Wancan inbatar yake karewa, bai san abin da ke faruwa a tsawon wayar ba. Fis ɗin da nike magana a kan wayar fositib, wato jar waya, ake sa shi, dab da kan batir, kar ya wuce tazarar ɗani guda, santimita 18 zuwa 20. In ka kai shi can kusa da inbata, duk wayar da ke bayanshi ba ta da mai tsaronta. Ni a inbata mai wat 1000 wayar walda mai 35 nike sawa da fis mai amp 150, na san wasu na sa mai 25 kuma tana yi in tazarar gajera ce, ni dai tun ranar nan ban ƙara yin tsimi a waya ba. Kar tsawon ya wuce mita ɗaya da rabi. In kana son soket a can bayan mota, bar inbata kusa da batir ka ja wayar bolt 230 ɗin, ita ce ba ta damu da nisa ba. Kuma in za ka sayi waya ka kankare bakinta da wuƙa, in ka ga fari a ciki alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, ajiye masu abinsu. Duk hudar da waya za ta ratsa a sa mata roba. Bakin waya a matse shi cikin kan tagulla a ɗaure da noti, ba a murɗa a soka ba, sannan duk wata ka bi da sifana, hanyoyinmu na kwance noti.

Birekan gida ba fis ɗin batir ba ne, an yi shi don wutar NEPA, a wutar batir yana iya ƙin yankewa.

Na biyu, jan wuta daga batirin da ke tada mota. Wannan ma ya taɓa kwanar da ni a daji. Batirin kik an yi shi ne ya ba da ƙarfi mai yawa na daƙiƙa biyu uku, mota ta tashi, altaneta, wadda ke cajin batir in inji na aiki, ta mayar mashi. Ba a yi shi don a tsotse shi awa biyar ba. In kana yi mashi haka cikin 'yan watanni zai mutu, kuma kafin ya mutu zai bar ka inda ba mai tura ka. Wai mutum ya dogara da kukan inbata, ya ce in ta fara ƙara zan kashe. Malam, yawancinsu sai batir ya sauka wajen bolt 10.5 suke yankewa, a lokacin ko hon da ƙyar zai yi. Ka nemi batir na biyu na daban, irin na sola, ka sa rile, wato makunni mai aiki da kanshi, mai raba su tsakani, in mota na tafiya su yi caji tare, in ka kashe ta ya raba su. Batir mai dalmar nan da aka saba da shi rabin cajinshi kawai ne naka. Mai amp 200 ka ɗauka 100 gare ka, wato wat 1200 na awa guda, ko wat 300 na awa huɗu. Ni mita nike dubawa, a cike yana nuna 12.6 ko 12.7, in ya huta na ga 12.1 na rufe shago ko da layin masu caji ya kai bakin titi. In kana da hali ka sayi litiyom, ya fi sauƙin nauyi kuma kana cin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, amma shi kar ka haɗa shi da altaneta kai tsaye, yana jan caji da ƙarfi har ya ƙona ta, akwai caja ta musamman da ake sawa tsakani.

Kuma don girman Allah ku daina kwana da batir mai ruwa a ƙarƙashin katifa. In yana caji iskar haidurojin yake fitarwa, tartsatsi kaɗan ya ishe ta, ga asid da ke fallatsa a gargada. Na ga motar da ƙasanta ya cinye saboda haka. A sa shi a akwati mai hudar iska zuwa waje, a ɗaure shi da bel, abu mai kilo 60 in ka taka birki da ƙarfi ba ya tsayawa inda ka aje shi. Haka masu barin inji na aiki su rufe gilas su kwanta wai batir na caji, hayaƙin salansa ba ya sallama, kuma yana kashewa.

Masu jona inbata a ramin laita, wato ramin kunna sigari na mota, fis ɗinshi amp 10 ne ko 15, wat 120 zuwa 180 ke nan, cajin laftof da waya biyu. Duk abin da ya fi haka kai tsaye zuwa batir.

Sai rubutun jikin kwali. Za ka ga abu kamar burodin yanka an rubuta wat 3000, ka ɗaga ba nauyi. Sau da yawa lambar da aka rubuta da manyan baƙi ta ƙarfin ƙiftawar ido ce, ainihin wanda za ta riƙe rabin haka ne ko ƙasa. Mai kVA 1 kuma wajen wat 800 ce. In firji za ka sa ka tuna lokacin tashi yana jan ninki uku zuwa sama na abin da aka rubuta mashi. Ni ban sayen wadda ba a rubuta "pure sine wave" ba, wato mai ba da wuta tsaftatacciya irin ta NEPA, mai arhar tana sa fanka gurnani, kwamfiresan firji ya yi zafi, lasifika ta yi ta tsuwwa a wajen biki. In ta gwanjo ce ka karanta bayanta, ta Amurka bolt 110 zuwa 120 take bayarwa, ba ta yi da kayanmu. Dutsen guga da hita kuwa ka manta da su, butar lantarki mai wat 2000 kusan amp 190 za ta ja.

Zafi ma na kashe inbata a garin nan fiye da yadda ake zato. Watan Afrilu muna wuce digiri 40 a waje, cikin motar da aka rufe a rana kuma sai ya haura 60, sannan mutum ya cusa inbata ƙarƙashin kujera ya jibga mata buhu da darduma. Ka bar mata sarari ta kowane gefe, kar ka kai ta cikin bonet, lokacin hunturu kuma ka riƙa hure ƙurar fankarta.

Ƙananan kuma: ka duba ja da baƙi sau biyu kafin ka ɗaura, juya su sau ɗaya ya isa ya kashe sabuwar inbata. Ka haɗa jikinta da bodin mota da waya mai kauri. Masu manyan motoci na bolt 24, kar ku ja 12 daga batir ɗaya, ɗayan zai cika ɗayan ya rame, ku sayi inbata mai 24. In kana jona motar da wutar gida ko janareta ka sa canji oba, makunnin da ke zaɓar wuta ɗaya ya rufe ɗayar, kar wutar biyu su haɗu a layi ɗaya. Sannan in ka gama aiki ka kashe ta daga makunninta, ko ba abin da ke jone tana shan amp ɗaya ko fiye, kwana biyu a fake ka zo ka tarar da batir ya yi ƙasa. Ni na sa babban makunni ja kusa da fis, a inda hannuna ke kaiwa daga kujerar direba, kuma kowa da ke shiga motar na nuna mashi inda yake.