Yadda za ka tsira a wasan Ghosts 'n Goblins

Kamfanin Capcom na Japan ne ya fitar da wannan wasan bidiyo a 1985, kuma har yau ana buga misali da wahalarsa.

Da farko ka sani Arthur, jarumin da kake sarrafawa, duka biyu kawai yake ɗauka. Na farko ya kwaɓe masa sulke, ya bar shi daga shi sai gajeren wando. Na biyu ya kashe shi.

Sai ka kula da tsalle. In ka tashi sama ba ka iya sauya inda za ka dira, don haka ka duba gabanka tukuna.

Da mashi ake farawa, amma in wuƙa ta faɗo, ɗauke ta, ta fi sauri nesa ba kusa ba. Wutar jifa kuwa, tsallake ta, kusa take faɗuwa.

Jan aljanin nan mai fukafukai da ke maƙabarta shi ke cinye yawancin 'yan koyo. Kada ka juya masa baya. Ja baya kaɗan, ka jira ya sauko, sannan ka jefa.

In ka kai ƙarshe kada ka ajiye na'urar, wasan zai mayar da kai farko. Sai ka gama shi sau biyu za ka ga ainihin ƙarshensa.