Hanyar zama masanin farkon sararin samaniya daga nan Kano

Ɗalibaina na fiziks kan ce: "Malam, mai son binciken yadda sararin samaniya ya faro, ta ina zai soma?" Ta lissafi, ƙanena. Wannan fanni ba ya neman ɗakin gwaji mai tsada. Takarda da biro, da kwamfuta ko da ta hannu ce daga Farm Centre, sun isa a fara.

Ka san aikin tukuna. Masana sun ƙiyasta shekarun sararin samaniya a biliyan 13.8. Akwai wani raunannen haske da ya game ko'ina, wanda masana biyu, Penzias da Wilson, suka ba da rahotonsa a 1965, ya taso tun sararin yana da shekara kamar 380,000. Kai mai nazari, aikinka ka rubuta lissafin abin da ya gudana kafin nan, ka faɗi irin tabon da zai bari a jikin hasken, sannan a gwada da bayanan da tauraron ɗan Adam mai suna Planck ya tattaro bayan harba shi a 2009. In bai dace ba, sai a ajiye lissafin komai kyansa. Wanda ba zai jure wannan ba zai sha wuya.

A JAMB ka zaɓi fiziks ko lissafi, a Jami'ar Bayero ko ta Wudil. Inda nake ganin yara masu ƙwaƙwalwa suna faɗuwa shi ne hadda. Takardun da malami ya raba za su ci maka jarrabawa, amma ba za su kai ka ko'ina ba. Ka sayi littafin rubutu mai kauri a Sabon Gari, ka rufe littafin karatu, ka fitar da kowace ƙa'ida da hannunka daga tushe. Kalkulas da aljabara su zauna daram, sannan ka tunkari nazarin Einstein na 1915 kan nauyi, wato ƙarfin da ke sa abubuwa su jawo juna. Ranar da ka iya fitar da lissafin Friedmann na 1922, mai nuna sarari yana faɗaɗa, layi bayan layi, ko da da fitilar waya ce don an ɗauke wuta, to ka shiga gidan. Ka haɗa da koyon Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta.

Shafin intanet na arXiv kyauta ne tun 1991, can masana ke zuba sabbin bincikensu. Ka riƙa buɗewa ko da kashi ɗaya cikin goma kake ganewa.

Bayan bautar ƙasa, ƙofofi biyu nake nuna wa kowa. AIMS, cibiyar nazarin lissafi ta Afirka, wadda Neil Turok, shi ma masanin wannan fanni, ya kafa a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Ghana, Senegal, Kamaru da Ruwanda. Sai ICTP, cibiyar nazarin fiziks ta duniya da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964. Tana da difloma ta shekara ɗaya ga ɗaliban ƙasashe masu tasowa, da tallafin karatu. Dukansu suna son sakamako mai kyau da wasiƙun malaman da suka san ka da gaske, don haka tun kana aji biyu ka riƙa zuwa ofishinsu da tambayar da ka yi ta fama da ita.

Sai digirin digirgir, sannan kwantiragin bincike na shekara biyu zuwa uku, yau wannan ƙasa gobe waccan, kafin a samu kujerar dindindin, kuma kujerun kaɗan ne. Ka zauna da Baba da Umma tun yanzu ka bayyana musu wannan tsawon, har da maganar aure da taimakon gida, su sa maka albarka suna sane da abin da ka ɗauko.