Kayak a kogin da dusar ƙanƙara ta cika: kurakuran da aka fi yi

Cikin watan Yuni ƙanena da ke karatu a jihar Colorado ta Amurka ya turo min bidiyo ta WhatsApp. Yana tsaye a bakin kogin Arkansas daga shi sai riga mai gajeren hannu, ruwa a bayansa yana tafasa, launinsa kamar kunun gero. Ya ce, "Yaya, gobe za mu shiga da kayak, ai na saba tun a tafkin Jabi." Ban kwanta ba sai da na same shi a waya. Na yi shekaru ina tuƙa irin wannan ƙaramin kwalekwale na mutum ɗaya kafin in dawo Jos, kuma abin da na faɗa masa a daren shi nake son duk wani namu da ke can ya ji.

Kuskuren farko shi ne wanda ya fito daga bakinsa. Ruwan tafkin Jabi da ke Abuja a kwance yake, in ka ajiye filafili jirgin sai ya tsaya ya jira ka. Kogin dutse ba ya jiran kowa. Mai son shiga ya fara da malami a ruwa mai sauƙi, ya koyi fita daga jirgi bayan ya kife, ya kuma koyi juyo da shi yana zaune a ciki, har abin ya zame masa jiki.

Wanda ya ɗan iya kuma, nasa kuskuren shi ne ya ce ai ya san kogin. Ya san shi ne lokacin da ruwa ya ja baya. A tsaunukan Rocky, waɗanda suka ratsa Colorado, dusar ƙanƙara kan narke da ƙarfi daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, sai kogin ya zama wani kogi daban. Ana jera wahalar koguna daga mataki na 1 zuwa na 6, amma wurin da aka rubuta mataki na 3 yana iya komawa na 4 in ruwa ya hau. Gurbin da ruwa ke lafawa a bayan dutse, inda matuƙi ke fakewa ya numfasa, duk sai ya shafe. In gudun ruwa ya ninka biyu, ƙarfin turinsa ninkawa huɗu yake yi. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, wato USGS, tana da ma'aunan yawan ruwa a kogunan ƙasar, ana ganin adadin a intanet kyauta. Ka duba da safe, ka sake dubawa kafin ka shiga, domin ranar da aka yi zafi ƙanƙarar da ta narke da tsakar rana sai can da yamma ko da dare take isowa ƙasa.

Sanyi ne ya fi tayar min da hankali, musamman ga mu mutanen Jos da muke tinƙaho da hunturunmu. Kana iya tsayawa a gaɓa rana na dukanka kana gumi, alhali ruwan da ke gabanka jiya ƙanƙara ne, bai kai digiri 10 a ma'aunin Celsius ba. Ranar da na fara kifewa a irinsa ban ji sanyi ba tukuna, abin da na ji shi ne kamar an naushe ni a ƙirji. Bakina ya buɗe da kansa yana jan iska, ba da izinina ba. Da kaina na cikin ruwa a wannan daƙiƙar, da ruwa na shaƙa. Masu koyar da ceto suna cewa minti 1 na farko na daidaita numfashi ne, sannan kana da kamar minti 10 kafin hannuwa su daina yi maka biyayya. Na ga ƙato majiyin ƙarfi an jefa masa igiya ta faɗo a kan ƙirjinsa, yatsunsa suka kasa damƙe ta. Saboda haka ka yi shiga don ruwan, kada ka yi don ranar: rigar nan mai rufe jiki duka da ba ta barin ruwa ya shiga, kayan ulu ko na roba mai ɗumi a ciki, ban da auduga ko kaɗan, domin in ta jiƙe zuƙe ɗumin jiki take yi. Sai rigar da ke hana nutsewa, a ɗaure tamau, da hular kwano.

In ka faɗa ruwa, zuciyarka za ta ce ka miƙe tsaye. Kada ka saurare ta. Ƙafa kan maƙale tsakanin duwatsu, ruwa ya tura ka ta baya ya kifa fuskarka, ko da zurfin bai wuce ƙugu ba. Ka kwanta rigingine, ƙafafu a sama suna kallon inda ruwa ya nufa, in ka hango wuri mai lafawa ka juya ka yi iyo da iya ƙarfinka. Sai ruwa ya koma ƙasa da gwiwa za ka taka. Haka in jirgi ya bugi dutse a gicciye: jingina za ka yi ga dutsen, kamar za ka rungume shi. Wanda ya kauce masa ya buɗe wa ruwa gefen jirgi, nan take zai kife.

Bishiyar da ta faɗo cikin kogi ta fi kowane dutse haɗari, kuma a farkon cikar ruwa ne suka fi yawa, don ruwan yana cin gaɓa yana kwaso su. Kamar rariya take, ruwa ya wuce, mutum ya maƙale. Ka nisance ta tun daga nesa. In babu makawa sai ka same ta kana iyo, ka juya kai a gaba ka haye samanta da ƙarfi, kada ka yarda ka shiga ƙarƙashi. Ƙananan madatsun siminti kuwa, ruwan da ke gindinsu juyawa yake yana mayar da abin da ya kama. A fito a ɗauki jirgi a kafaɗa a zagaye. Babu abin kunya a nan. Duk lanƙwasar da ba ka ga bayanta ba, ka sauka ka taka ka duba.

Kada a shiga ƙasa da mutum uku, kowa da jakar igiyar jifa da usur da wuƙa. Kada kuma ka ɗaura igiya a ƙugunka ko ka naɗe ta a hannu.

Mu a nan ba mu da dusar ƙanƙara, amma Agusta da Satumba suna yi wa kogunanmu abin da Yuni ke yi wa nasu. Wanda ya ga Assop ko Gurara da rani, ya sake ganinsu a tsakiyar damina, ya san abin da nake nufi. Ana iya tafka ruwa a kan tudu kai kana ƙasa cikin rana, sai dai ka ga kogi ya sauya launi yana tafe da itatuwa. Da ka ga haka ka fita.

Ƙanena bai shiga ba a ranar. Ya yi rajista da makarantar koyon tuƙi, ya fara a wani kududdufi, sai a watan Agusta da ruwa ya sauka ya shiga kogin tare da malaminsa.