Yadda Za A Gane Ko Kalar Abinci Ta Sauya Sinadarin Abin Sha

Kalar kanti, irin wadda ake ɗigawa a kek ko alawa, narkewa kawai take yi ta bazu cikin ruwa. Ruwan bai zama wani sabon abu ba, ɗanɗanonsa ma bai cika canjawa ba. Launin da ke cikin zoɓo kuwa daban ne, domin yana juyawa idan ya haɗu da tsami ko kanwa, kuma wannan juyawar sauyin sinadari ce ta gaske.

Ga yadda za a gwada. A tafasa zoɓo cikin tafin hannu a rabin lita na ruwa, minti 10, a tace, a raba kofi uku na gilashi. Na farko a bar shi haka. Na biyu a matse rabin lemun tsami: jan zai ƙara haske. Na uku a zuba jiƙaƙƙiyar kanwa ƙaramin cokali ɗaya, nan take zai yi duhu, ya koma shuɗi-shuɗi ko kore. A mayar masa da lemun tsami, jan zai dawo. A maimaita da jar kalar kanti, da ƙyar za a ga bambanci.

Masu sayar da zoɓo su kula: tukunyar ƙarfe ko ta alminiyum na dusar da launinsa, haka ma ajiye gorunan a rana. Kurkum shi ma yakan koma ja idan ya taɓa kanwa.